Randar da Kaji ke Ci a Cikinta

A Dair Samra in ka ce "mai hanci", ba sai ka kama suna ba, kowa ya san da Mitri kake. Abu Shakib ake kiransa, da sunan ɗansa da ke Kanada. Tsiyaya masa giyar inabi a kofi, ya kaɗa ta sau biyu ya kai hanci, zai faɗa maka irin inabin, ya faɗa maka a tudu ya fito ko a kwari, in ya ga dama har ya ƙara da cewa mai gonar ya yi gaggawar yanka. Abin haushin kuma ba ƙarya yake yi ba. Mutum ya iya abu, ya kuma san ya iya, ai maƙwabta sun shiga uku.

Ɗakin giyarsa ya fi ɗakin kwanansa tsafta. Tankunan ƙarfe biyu ne a ciki suna ta walƙiya, ga manyan kwalabe a jere, kowace sai an wanke ta sau uku kafin ta ga ruwan inabi. Giyarsa garau take fitowa, kana hango yatsanka ta bayan kofi, kuma duk shekara ita fada, limamin cocinmu, ke aikowa a kai masa.

Matarsa Zahiyya ba 'yar kwarinmu ba ce. Daga Ain Lauza aka kawo ta, can saman dutse, ƙauyen da ya watse tun lokacin yaƙi bai kuma sake taruwa ba. Shekara arba'in da bakwai ke nan da mahaifinta ya sauko da ita, da rassan inabin marwa guda tara a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, da wata ƙatuwar randar ƙasa a bayan alfadari. Rassan nan tara su ne yanzu layin marwa da ke bayan gidan, wanda Mitri ke taƙama da shi kamar shi ya haife su.

Bayan Idin Ista na bana, wanta Nakle ya rasu a Bairut. Shi kaɗai ya rage mata cikin waɗanda suka tashi ɗaki ɗaya. Ba ta yi kururuwa ba, ba ta faɗi ba. Ta je, aka binne, ta dawo, ta ninke baƙin gyalenta, daga nan sai ta daina cin abinci. Za ta dafa, ta zuba wa Mitri, ta zauna tana kallonsa. Likita a Zahle ya duba jini, ya duba ciki, ya ce bai ga komai ba.

"Umm Shakib, ko loma ɗaya mana," in ji Mitri, yana tura mata farantin labna, kindirmon nan mai kauri, da man zaitun.

"Ka ci kawai. Ni komai kamar auduga yake a bakina."

"To me kike marmari? Faɗi. Ko a Sham yake zan ɗauko."

Ta mayar masa da farantin a hankali. Can ta ce, "Da zan samu kurɓi ɗaya na giyar Baba."

Wallahi sai da Mitri ya ji sanyi a ransa. Wata biyu yana zagaye da ita kamar baƙo a gidansa, bai san inda zai kama ba, yau ga magana ta faɗo cikin gonarsa. Ya gyara zama.

"Yaya take? Kwatanta mini."

"Tana da ɗan ɗaci daga ƙarshe. Tana kama maƙogwaro." Ta lumshe ido. "Kamar in ka shigo ɗakinmu da sanyi, ka rufo ƙofa."

"Haba, tsohuwa, wannan ai ba kwatance ba ne. Fara ce ko ja?"

"Tsakani."

"Babu giyar da ake kira tsakani."

"To ta Baba dai tsakani ce."

Ya sauka ɗakin giya ya ɗauko marwarsa ta shekara uku, wadda yake ɓoye wa baƙi. Ai inabin gonar ubanta ne, ina kuma za a je? Ta kurɓa, ta ajiye kofin a hankali, ta ce, "Tana da kyau." Bai taɓa jin yabon da ya yi masa zafi kamar wannan ba.

Ya kwana yana lissafi irin nasa na masana. Inabi ɗaya ne, amma ƙasa ba ɗaya ba. Marwar da ta sha iskar dutse ba za ta yi daidai da wadda ta gasu a kwari ba. Saboda haka washegari ya tayar da tsohuwar Fijonsa ya hau Ain Lauza. Bai sami kowa ba sai ƙadangaru. Rufin gidajen ya rufta, kurangar inabin ta haukace ta haye itatuwa, babu mai yanka balle mai matsa. Ya gangara ƙauyen da ke ƙasa da su, wani tsoho ya ba shi kwalba ɗaya. Da la'asar ya shimfiɗa mata kujera a baranda, ya tsiyaya. Ta kurɓa. "Tana da kyau," in ji ta.

Daga nan Mitri ya zama ɗan hanya. Mutumin da ya yi shekara goma bai wuce Zahle ba, sai ga shi yau Jizzin, jibi Batrun, mako mai zuwa Rashayya. Ya kawo giyar inabin ubaidi mai ƙamshin zuma da lemo. Ya kawo jar giyar inabin sanso mara nauyi daga yammacin kwari, wadda ake sha kamar wasa sai an miƙe a san an sha. Ya kawo wata marwar daga tudun da ke kallon teku, ya rantse da Budurwa Maryamu yana jin gishiri a cikinta. Har gidan sufayen coci ya je, ya tsaya a ƙofa da hula a hannu, suka ba shi irin tasu mai zaƙi da ake dafawa kafin a rufe. Shi da bai taɓa yaba giyar wani ba, ya koyi cewa "Allah ya ƙara albarka" a ƙofar mutane.

Kowace la'asar ta dawowa, zai zauna gefenta ya ba ta labarin hanya: wa ya gani, ina mota ta yi zafi, wace tsohuwa ta ce sai ya ci ɓaure kafin ta sallame shi. Zahiyya tana saurare, wani lokacin har bakinta ya ɗan motsa kamar za ta yi murmushi. Sai ta kurɓa, ta ce tana da kyau, ta ture kofin. Kwalabe goma sha huɗu suka jeru a bakin taga. Ranar da ya jera ta sha huɗun ne ya lura ta naɗa zare a zoben aurenta don kar ya zame. Ya fita bayan gida ya tsaya cikin layin marwa, ya daɗe bai dawo ba. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda ko lokacin yaƙi bai ji ba.

To, katanga ɗaya ce tsakaninsu da Gattas, tsohon direban bas. Gattas ma yana yin giya, in dai za a kira abin nan giya. A garinmu in jaki ya yi rauni a ƙafa, cewa ake a je gidan Gattas a samo abin wankewa. Shi kuwa ko a jikinsa, da shi ake dariyar. Tun da Zahiyya ta kwanta, duk Lahadi sai ya miƙo kwalba ta saman katanga, "Ga ta Umm Shakib, ta ƙara jini." Mitri ya karɓa da yatsa biyu, ya yi godiya, ya zagaya ya juye a gindin ɓaure.

Wata ranar Agusta Mitri ya dawo daga can arewa, ya sha hanya, ƙafafunsa sun kumbura. Ya tarar da Hilana matar Gattas a baranda tare da Zahiyya. A kan tebur ga kwalbar nan mai gurɓataccen ruwa, ga kofi babu komai a ciki. Gefen kofin kuma, a kan ɗan faranti, ƙwallayen zaitun uku ne a tsotse.

Ya dubi ƙwallayen, ya dubi matarsa.

"Ke kika ci?"

"Ni na ci." Ta nuna kwalbar da haɓa. "Ba ita ba ce. Amma ta yi kusa."

"Wannan? Ta Gattas?"

Hilana ta miƙe tana gyara ɗankwali. "To mene ne, Abu Shakib? Ba mu mutu ba dai, shekara hamsin muna sha."

Da wani ne ya gaya wa Mitri cewa wata rana zai ƙwanƙwasa ƙofar Gattas neman ilimin giya, da sun yi faɗa. Amma abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Ko takalmi bai cire ba ya zagaya. Ya sami Gattas a gindin bishiya da singileti, yana ɓare 'ya'yan kabewa.

"A'a! Hanci da kansa! Hilana, leƙo ki ga ko rana ta fito daga teku."

"Bar wasa, Gattas. Me kake sa wa giyarka?"

"Inabi."

"Ban da inabi."

"Haƙuri. Da addu'ar kada ta kashe kowa."

"Don girman Allah, maƙwabci."

Gattas ya ɗago ya dubi fuskarsa, sai ya ajiye 'ya'yan kabewar. Ya kai shi wata rumfa bayan ɗakin girki, ya yaye wani tsohon bargo. Randar ƙasa ce, baƙa ƙirin daga ciki.

"Ta kakata ce, 'yar dutse ce ita ma. Ƙaron itacen sanaubar suke narkawa su shafe cikin don kar ta yi yoyo, su turara ta da hayaƙi. Ni dai haka na gan ta, haka nake zubawa, da ɓawo da kara da komai. Kai ne kake ta wanke-wanke kamar mai shirin tiyata."

Mitri ya sunkuya ya sa kai cikin randar. Warin ya doke shi, ƙaro da hayaƙi da tsohuwar ƙasa. Bai ɗago da wuri ba, domin ya san warin nan. Sau ɗaya ya taɓa shaƙarsa, a tsakar gidansa, yana ɗan shekara ashirin da huɗu, sabon dawowa daga koyon aiki a babbar masana'antar giya, kansa ya fi tankin ƙarfe girma. An sauke randa daga bayan alfadari, ya leƙa ciki, ya ɗago yana toshe hanci a gaban 'yan biki. "Wannan warin kwalta ne ko na bunsuru? Ba dai a ɗakin giyata ba. A kai wa kaji, a zuba musu hatsi." Aka yi dariya. Surukinsa Abu Nakle, wanda ya yi kwana biyu a hanya yana tallafe da randar a kowace gangara, shi ma ya yi 'yar dariya, ya shafa wuyan alfadarinsa.

"Lafiya, Abu Shakib?" in ji Gattas. "Ko ta bugar da kai tun daga wari?"

"Rashin sani," in ji Mitri, "kaza ta kwana a kan dami."

Randar surukinsa tana nan inda aka ajiye ta, a kusurwar akurki, an rufe bakinta da faifan kwano. Kowace safiya ta Allah Zahiyya ke zura hannu cikinta ta ɗebo wa kaji alkama. Shi kuwa ya wuce ta sau dubu nawa, bai taɓa ganinta ba. Ya kwashe hatsin cikin buhu, ya kira Gattas suka mirgino ta tsakar gida, kaji na binsu da ƙorafi. Ya ƙwanƙwasa ta ko'ina da bayan yatsa. Babu tsaga.

Da safe ya fito da tiyo da sabulu da burushin ƙarfe. Zahiyya na kan kujerarta a baranda, an lulluɓe ta da bargo duk da zafin Agusta. Ya ɗaga burushin ke nan ya ji murya daga sama.

"In ka sa mata sabulu, ni da kai ne."

Ya waiga. Wata huɗu rabon da ya ji ta ɗaga murya.

"To da me za a wanke?"

"Toka da ruwan zafi. Da hannu, ba da wannan abin tsefe doki ba. Sai ta sha rana kwana uku." Ta dafa ƙarfen baranda ta miƙe. "Kai dai ba ka iya komai ba. Zo ka riƙe ni in sauko."

Haka mai hancin Dair Samra ya koma ɗan koyo a gidansa. Ta aike shi dajin sanaubar ya kankaro ƙaro. Ya narka, ta ce ya yi kauri. Ya ƙara wuta, ta ce ya ƙona, a sake. Ta sa ya kifa randar kan duwatsu uku ya hura busasshen ganyen itacen gar mai ƙamshi a ƙarƙashi har idonsa ya yi ja. Gattas na leƙe ta katanga yana cewa a ɗauki hoto a aika wa Shakib, don ba zai yarda ba.

Bayan Idin Gicciye marwa ta nuna. Mitri ya tsaya gaban layin nan yana lissafi. Randar babba ce, in za a cika ta sai an ba ta duka, ba za a rage wa tankin ƙarfe ko ƙwaya ɗaya ba. Ya yanke duka. Ya naɗe wando ya tattake da ƙafa, abin da ya sha yi wa mutane gori a kai, ya juye da ɓawo da kara, aka rufe da faifan dutse aka liƙe da laka. Fada ya aiko tambayar ta bana, Mitri ya ce a gaya masa bana babu.

Sai jira, kwana arba'in. Wannan ne ya fi komai wuya. Zahiyya takan ci zaitun biyu, wata rana cokalin miya, wata rana ko ruwa sai da lallashi. Amma kullum da hantsi sai ta sa ya riƙo ta zuwa rumfa, ta kara kunne jikin randar tana sauraren tafasar da ke ciki. "Tana magana," takan ce. Shi kuma lissafinsa ɗaya ne: in ta fito tsami, babu wata marwar sai baɗi, ga zaren zoben nan kuma kullum ƙara kauri yake.

Ranar da kwana arba'in suka cika, ruwan farko ya sauka. Da hantsi ya fasa lakar, ya ɗaga dutsen, ya zura ludayi. Abin da ya fito ba fari ba ne, ba ja ba ne, launin ɓawon albasa ne, ga shi a gurɓace. Tsakani. Ya kai hanci, hancin ya gaya masa gaskiya kamar kullum: duk aibin da ya ƙare rayuwarsa yana kora daga ɗakin giyarsa, ga shi nan sun taru a kofi ɗaya. Da a gidan wani ne, da ya ce a kai wa jaki. Ya riƙo kofin da hannu biyu ya kai mata baranda.

Ta shinshina. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye. Maƙogwaronta ya kama, ta yi ɗan tari. Ba ta ajiye kofin ba. Ta ƙara kurɓa, sai hawaye suka zubo, waɗanda ba su zubo ba a Bairut, ba su zubo ba a maƙabarta. Ta yi kuka sosai, kafaɗunta na girgiza, tana kiran Nakle, tana kiran Baba, tana kiran wata Marta da Mitri bai taɓa jin sunanta ba. Ya durƙusa a gabanta da gwiwoyinsa masu ciwo ya riƙe mata gindin kofin kar ya zube.

Da ta lafa, ta share fuska da gefen bargo ta dube shi.

"Mummuna ce ko?"

"Ban taɓa yin mummuna irinta ba."

"Haka ta Baba take. Duk Ain Lauza tsokanarsa ake yi." Ta yi dariya cikin hawaye. "Nakle cewa yake ana iya kunna fitila da ita."

Mitri ya dubi kwalaben da ke bakin taga, ya dubi akurki.

"Zahiyya." Rabon da ya kira ta da sunanta tun kafin a haifi Shakib. "Kin san randar ce. Kullum hannunki na cikinta. Kina kallo ina yawo har bakin iyaka, me ya hana ki faɗa?"

"Baba ne ya hana."

"Baba?"

"Ranar da zai koma, na bi shi har bakin hanya ina kuka, na ce ya tafi da randarsa tunda an wulaƙanta ta. Ya ce a'a, ta zauna. Ya ce, 'Kar ki ce masa komai. Yaron kirki ne, kuma yana da hanci, wata rana zai shinshino da kansa.'" Ta shafa furfurar kansa. "Ban dai zaci zai ɗauke ka shekara arba'in da bakwai ba."

Mitri ya miƙe. Ya karɓi kofin daga hannunta, ya juya ya fuskanci dutsen da hazon ruwa ya rufe, ya ɗaga shi sama kaɗan. "Ka yafe mini, Abu Nakle," ya ce, ya shanye sauran. Ta kama masa maƙogwaro har sai da ya runtse ido.

"Kai, ka shanye mini," in ji Zahiyya. "Ƙaro wani. Kuma wannan ba a shan ta da ciki wayam, takan huda hanji. Kawo burodi da labna. Ka yanko albasa, in akwai sauran miyar kishkin jiya ka ɗumama."

Ya shiga ɗakin girki da sauri kamar za ta fasa. Ya ɗauko burodin, sai ya tsaya riƙe da shi a ƙirji, ya jingina goshi da bango, abin da ya danne tun Ista ya ƙwace masa. Bai san tsawon lokacin da ya yi a haka ba, sai da muryarta ta biyo shi daga baranda, da ƙarfinta, har Gattas na ji ta bayan katanga.

"Tsoho! Burodin ma daga Batrun za ka ɗauko? Yunwa nake ji!"